Tumatir Ya Yi Yaushi Bayan Taki, Tattasai Ya Yi Rawaya Cikin Ruwa

Wani manomin rani daga Daberam, kusa da Daura, ya aiko da tambaya: "Malam, na zuba yuriya a gindin tumatir bayan dashe, washegari duk ya yi yaushi, bakin ganyen ya ƙone, alhali ƙasar da danshinta. Ko jabun taki aka sayar min?"

Malam, ba lallai jabu ba ne. Na fi zargin takin ya yi yawa, kuma ya matse gindi. Saiwa ba bututu ba ce da komai ke bi ya wuce. A jikin 'yan siraran gashinta, kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani tantani, shi ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Ruwa na ratsa shi cikin sauƙi, sai dai kullum yana bin ɓangaren da gishiri ya fi kauri ne. A ƙasa mai lafiya cikin saiwa ya fi waje kauri, sai ruwa ya shiga. Narkakken taki kuwa aikin gishiri yake yi. Da ka tula taki ya narke a ɗan danshin nan, waje ya fi ciki kauri, ruwan sai ya juya ya riƙa fita. Yanka albasa ka barbaɗa mata gishiri, ba da jimawa ba za ka ga ta tsattsafo da ruwa ta saki jiki. Abin da ya sami tumatirinka ke nan.

Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganye kore, kuma tana sakin amoniya, wata iska mai wari da ke ƙona sabuwar saiwa. Ga ƙasarku ta Daura jigawa ce, ba ta riƙe ruwan da zai tsarma ta. Yanzu ka yi ban ruwa sosai, ya wanke takin ya nutse ƙasa, wanda bai mutu ba zai farfaɗo. Nan gaba ka bari dashe ya kama, kamar mako 2, ka haƙa ɗan rami faɗin yatsu huɗu daga gindi, ka zuba kaɗan ka rufe. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa, duk da mutanenmu na ganin takin gida ba ya laifi.

Wani kuma daga Jibiya ya ce tattasainsa na rawaya, ga taki ya sa, ga ruwa kwance a kwami.

Ruwan kwancen ne matsalar, Alhaji. Abincin da ke cikin taki ba ya shiga kamar ruwa. Tantanin nan ne ke jawo shi ta wasu 'yan ƙofofi, kuma jan yana cin ƙarfi. Saiwa ba ta samun ƙarfin sai tana numfashi, ruwan kwance kuwa ya kore iskar da ke cikin ƙasa. Kada ka ƙara taki. Fasa kwamin ruwan ya fita, ka bar saman ƙasa ya sha iska kafin ban ruwa na gaba.