Kaset ɗin tafsirin Baba yana amsa-kuwwa, maganaɗisu ne ya ɓata shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Aboabo nake, a Kumasi. Marigayi mahaifina ya bar mana kwalin kaset na tafsiri, ya daɗe a kan wata babbar sifika. Yanzu wasu muryar ta dusashe, wasu kuma sai ka ji magana ƙasa-ƙasa kafin malam ya faɗe ta. Mene ne sanadi? Kuma sifikar za ta iya goge abin da ke cikin wayata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Fara da sauke kwalin nan yau.

Launin ƙasa-ƙasa da kake gani a zaren kaset garin tsatsar ƙarfe ne da aka shafa, dabarar da Fritz Pfleumer ya yi wa rajista a Jamus a 1928. Kowace ƙwaya a garin ƙaramin maganaɗisu ce, kamar allurar kamfas, kuma inda ta fuskanta shi ne ke riƙe da sauti. Maganaɗisun sifika mai ƙarfi yana karkatar da su, murya ta dusashe. Wannan ba ya gyaruwa.

Amsa-kuwwar kuma ƙwayoyin ne da kansu suka jawo ta, kuma nan ne abin yake burge ni. Zaren a naɗe yake, shafi a kan shafi, kowace ƙwaya tana jan ta kusa da ita. Manya suna cijewa. Ƙanana, masu faɗin nanomita ashirin ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), zafin ɗaki kawai ya isa ya riƙa jujjuya su, abin da masanin Faransa Louis Néel ya bayyana a 1949. Da sun juya sai su bi jan maƙwabciyarsu ta shafin da ke manne da su, sautin can ya ɗan kwafu a nan. Ɗaki mai rufin kwano a watan Maris yana hanzarta wannan sosai.

Wayarka kuwa da cajin lantarki take ajiye bayanai, sifika ba za ta goge su ba. Sai dai tana iya rikita kamfas ɗin da ke nuna maka alƙibla.

Kafin ka kunna kowane kaset, tura shi har ƙarshe ka dawo da shi sau biyu ko uku, amsa-kuwwar kan ragu. Sannan ka nemi rediyo mai kaset mai lafiya da igiyar sauti, masu gyaran lantarki a Adum za su haɗa maka, ka kwashe komai zuwa kwamfuta, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa.