Tambayoyinku: Neman lissafin kuɗin coci taɓa shafaffe ne?

Tambaya: Salama a gare ku. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya a Sabon Tasha. Shekara uku ke nan muna tara kuɗin ginin sabuwar majami'a, amma gini bai wuce linta ba, kuma ba a taɓa karanta mana ko nawa aka tara ba. Da na yi tambaya a taro, wani dattijo ya ce an rubuta kada a taɓa shafaffen Ubangiji. Na yi zunubi ne?

Amsa: Mama, ba ki yi zunubi ba. Ayar da dattijon ya jawo tana Zabura 105:15, an kuma maimaita ta a 1 Tarihi 16:22. Ki karanta daga aya ta 8 ki gangaro. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin suna 'yan kaɗan suna yawo a ƙasashen mutane, Allah ya ja kunnen sarakuna kada su cuce su. Cutarwa aka hana, ba tambaya ba. Dawuda ma da ya ƙi sa wa Saul hannu a cikin kogo, da suka fito ya ɗaga murya ya faɗa masa laifinsa a fili (1 Sama'ila 24).

A kan kuɗin ɗakin Allah kuwa, Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Dubi Ezra sura 8. Kafin su tashi daga bakin kogin Ahawa, Ezra ya keɓe mutum goma sha biyu daga manyan firistoci, ya auna musu azurfa da zinariya da kwanoni a hannu. Da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sake aunawa a gaban waɗansu firistoci da Lawiyawa, aka rubuta nauyin kome. Awo biyu, a hannun mutane daban, da rubutu. Babu wanda ya ce an raina firistocin. Manzo Bulus kuma bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba; ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyin suka zaɓa da kansu, don kada a sami abin zargi a gaban Ubangiji ko a gaban mutane (2 Korantiyawa 8:18-21). Idan Bulus ya nemi mai sa masa ido, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin haka? Wasu kan kafa hujja da 2 Sarakuna 12:15, inda ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba don amincinsu. Su koma aya ta 9 da ta 10: akwati ne mai rami a murfi, kuma magatakardan sarki da babban firist ne ke ƙirgawa tare su ɗaure a jakunkuna.

Ga yadda wannan yake a aikace. Baiko mutum uku za su ƙirga, ba 'yan gida ɗaya ba, nan take bayan sujada, a cikin harabar coci, a riƙa sauya su wata-wata. Su rubuta adadin a takarda kwafi biyu, kowannensu ya sa hannu, ɗaya ta je wurin ma'aji, ɗaya wurin sakataren kuɗi. Ranar Litinin a kai banki cif yadda aka ƙirga. A nan ne yawancin ɓarna ke farawa, kuma ba da niyyar sata ba: an ciri kuɗin man janareto, an sallami baƙon mai wa'azi, an taimaka wa mara lafiya, duk daga cikin jaka kafin a kai banki. Bayan wata shida babu wanda zai iya tuna abin da ya fita, ma'aji mai gaskiya ya rasa bakin kare kansa. Maganinsa a ware ɗan kuɗin hidimar mako mai iyaka, a riƙa cike shi da rasit.

Asusun banki ya zama da sunan ikilisiya, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita, kuma kada kowa ya sa hannu a cekin da ba a cike ba don wai zai yi tafiya. Saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum biyu. Yanzu da jama'a suka saba da turawa ta waya, kada a yarda a karanta lambar asusun wani mutum daga bagade, ko na fasto ko na ma'aji. Kuɗin gini kuwa asusunsa daban, domin da zarar ya gauraya da na yau da kullum, albashi da hidimar taro za su lashe shi ba a sani ba. A karanta wa ikilisiya rahoto duk wata uku, shekara-shekara kuma wanda ba ya taɓa kuɗin ya gwada littafin ma'aji da takardar banki layi-layi.

Wani abu da masu neman lissafi kan manta: ku biya fastonku hakkinsa a kan lokaci (1 Timoti 5:17-18). Faston da ke bin albashin wata huɗu ga jakar baiko a gabansa, ikilisiya ce ta sa shi a gwaji.

Ke kuma Mama, ki nemi tsarin mulkin ɗarikarku ki ga abin da ya ce a kan rahoton kuɗi. Sai ku rubuta wa majalisar dattawa ta hannun sakatare, ke da mutum biyu ko uku, cikin ladabi, kuna roƙon abu uku: jimlar abin da ya shigo, abin da aka kashe da rasit, da ragowar da ke banki. Kada kalmar sata ta fito daga bakinki, domin ba ki gani ba. Mai yiwuwa tsadar siminti da rodi ce ta cinye kuɗin, takarda ce za ta nuna. Idan wata biyu suka wuce shiru, ki kai mataki na gaba, kamar LCC da DCC, wato majalisun da ke sama da ikilisiya a ɗarikar ECWA, ko ofishin dayosis a Angilikan. Kada ki kai maganar WhatsApp.

Tambaya: Ni dattijo ne a Narayi. Ana ta raɗe-raɗi a kan fastonmu da wata mace. Wasu na cewa a rufe, wasu na cewa a kore shi. Yaya za mu yi?

Amsa: Baba, duka biyun sun kauce. 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan shugaba sai da shaidu biyu ko uku, aya ta 20 kuma ta ce wanda ya nace cikin zunubi a tsauta masa a gaban kowa. Shaida shi ne wanda ya gani ko ya ji da kansa. Mutum goma da suka ji daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ne. Dattawa biyu su fara samunsa a keɓe bisa Matiyu 18:15-16. Idan akwai ƙara ta gaske, a rubuta ta, a sanar da shugabannin sama, kada wanda ake ƙara ya shugabanci zaman, kada kuma dangin kowane ɓangare su zauna a ciki. A saurari macen tare da wata dattijuwa a gefenta, ba ita kaɗai a gaban maza ba. Idan an wanke shi, a faɗa a fili yadda zargin ya bazu a fili. Idan laifi ya tabbata, horo ne da sauka daga bagade. Abin da muke roƙonku kada ku yi shi ne neman a yi masa canjin wuri a ɓoye, domin wata ikilisiya kuka miƙa wa matsalar ba ta sani ba. Idan kuwa akwai fyaɗe, ko yarinya ƙarama ce, maganar ta wuce horon coci kaɗai, dole a kai wa 'yan sanda.

Tambaya: Mun sayi fili a Gonin Gora, amma takardun da sunan faston da ya kafa cocin. Da matsala?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, ko da shi mutumin kirki ne. Ranar da ya rasu, a idon doka filin yana cikin gadonsa. Idan kuna ƙarƙashin ɗarika, a mayar da takardun zuwa sunan amintattunta masu rajista. Idan cocin mai zaman kansa ne, ku yi rajistar amintattu, wato waɗanda za su riƙe dukiyar cocin a madadinsa, a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kada su zama fasto da iyalinsa kawai. Daga nan lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, fasto ya sa hannu da shaidu, a kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, a yi rajista tun yana da rai da lafiya.