Tambayi Likitan Dabbobi: Wasan 'Yar Mage Da Haɗurran Da Ke Cikinsa

Da zarar an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, ɓera ma sai ya tare, mutane kuma su shiga neman 'yar mage a gidajen maƙwabta. Shi ya sa tambayoyin wannan karon, daga ƙauyukan Kano da Jigawa, kusan duk a kanta suka taru.

Wani manomi daga yankin Ringim: Assalamu alaikum Likita. An ba ni 'yar mage da ba ta wuce wata 2 ba. Yara sun matsa sai an sayo mata abin wasa daga birni. Dole ne? In ba dole ba, me zan ba ta?

Wa alaikumus salam Malam. Ba sai ka kashe ko kwabo ba, tsakar gidanka ya ishe ta. Wasan 'yar mage koyon farauta ne: laɓewa, sanɗa, tsalle, cafka. Tana fara shi tun tana mako 4, ya yi ƙarfi daga mako 7 ko 8 zuwa sama, wato daidai inda taka take yanzu. Duk abin da zai yi motsi irin na ɓera ko tsuntsu ya wadatar.

Ka sami sillen kara mai ƙwari, tsawon kamu 2. Ka yago tsumma mai faɗin yatsu 2, tsawon kamu 1, ka ɗaure a bakin karan, sannan ka ɗaura gashin kaza ko na zabo guda 3 ko 4 a ƙarshen tsumman. Tsumma na ce, kada a sa zare, dalilin yana cikin amsa ta gaba. Gashin ya zama na kazar da aka yanka da lafiyarta, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu a shanya. Na mushe bai dace ba, domin murar tsuntsaye tana kama mage.

Yadda ake jan sa ya fi shi kansa abin muhimmanci. Yara sukan kaɗa shi a fuskarta, ita kuwa sai ta ja da baya, don ɓera ba ya tunkarar mage. A ja shi a ƙasa yana guje mata, ya tsaya cak, ya ɗan motsa, ya ɓuya a bayan turmi jelarsa a waje. Nan za ka ga ta kwantar da ƙirji tana kaɗa gindi. A bar ta ta kama shi lokaci-lokaci, in ba haka ba za ta yi zuciya ta bari. Minti 10 zuwa 15 ya isa, sau 2 ko 3 a yini, in an gama a rataye sandar inda ba za ta kai ba.

Na wasanta ita kaɗai kuwa, babu kamar ƙodagon goruba: yana gangarawa, yana ƙara, ba ya fashewa, ba ya haɗiyuwa. Sai takarda da aka dunƙule, da kwali da aka huda ƙofa 2 a jikinsa. Ma'auninka shi ne lemon tsami, duk abin da bai kai shi girma ba a kawar. Ƙwallon dabino, na aduwa, maɓalli, dutsen ado, duk suna iya toshe hanji. In har an sayo na kasuwa, a ciccire idon roba da ƙararrawa da duk abin da aka manna da gam kafin a ba ta.

Wata mai ɗinkin hula daga Bichi: Likita barka da aiki. Magena 'yar wata 4 tana son wasa da zaren da nake ɗinki, ni ma ina jin daɗin kallonta. Yau na ga guntun zare yana leƙowa ta duburarta, kuma ta yi amai sau 2. In jawo shi?

Kada ki ja, 'yar'uwa. Don Allah kada ki ja, kada ki bari yaro ya ja. Ki nemi malamin dabbobi yau ɗin nan.

Harshen mage kaushi gare shi, cike yake da ƙananan ƙayoyi da suka kwanta suna fuskantar maƙogwaro. In zare ya hau kansu ba ta iya tofar da shi, duk ƙoƙarin da ta yi ciki yake ƙara shiga. Sau da yawa bakin zaren guda yakan naɗe a gindin harshe ko ya maƙale a mafitar tumbi, ragowar ya wuce hanji. Hanji kuwa aikinsa tura abu gaba. Yana turawa, zaren yana ɗaure daga sama, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar bakin wando in an ja mazagi. Zaren ya miƙe tsam, ya riƙa yankan hanjin daga ciki har ya huda shi, ƙazanta ta zube a cikin ciki. Wanda ya ja zaren daga waje, shi ya ƙarasa yankan da hannunsa.

Abin da za ki yi kafin a kai ta: ki sa almakashi ki rage abin da ya fito, ki bar kamar gaɓar yatsa, don kada ta taka ko ta ja da baki. Ki ajiye ta a ɗaki inda za ki ga kashinta. Kada a ɗura mata man gyaɗa ko ruwan gishiri wai don ta amayar. In ta yarda, ki buɗe bakinta a hankali ki duba ƙarƙashin harshe. In kin ga zare a naɗe, ki bar shi yadda yake ki gaya wa likita. Ki kuma ƙirga alluranki. Mage takan haɗiye zare da allurar da ke jikinsa.

Wani lokaci gajeren zare yakan fita da kansa cikin kwana 1 ko 2, magen tana ci tana wasa. Amma taki ta fara amai, kuma amai, ƙin abinci, kwanciya a takure da kuka in an taɓa ciki su ne alamun ya maƙale. Maganin wannan tiyata ce, kuma ta yau ta fi ta jibi sauƙi nesa ba kusa ba. In malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ba shi da kayan aikin, a wuce asibitin dabbobi a cikin Kano.

Daga yau zare da allura su koma cikin gwangwani mai murfi. Haka ulu, zaren buhu, robar ɗaure kuɗi, zaren kitso, da ledar da aka ɗaure nama ko kifi a ciki, ita ma ƙamshin yana sa ta haɗiye.

Wani magidanci daga Kazaure: Likita, yarana suna wasa da ita da hannu, yanzu ta koma cizo da yakushi, har ta fasa wa ƙaramin yatsa. Muguwa ce ko a mayar da ita?

Ba mugunta ba ce Malam, abin da aka koya mata take yi. Tana ƙarama ana wutsil-wutsil da yatsu a gabanta ana dariya, sai ta ɗauki hannu abin farauta. Waɗanda aka raba da uwa kafin mako 8 sun fi yin haka, domin a wajen kokawa da 'yan'uwanta take gane cizon da ya yi zafi. Ga kuma famfara: daga wata 3 da rabi zuwa wata 6 haƙoranta 26 na yarinta suna zubewa, manya 30 suna fitowa, dasashi yana ƙaiƙayi.

Doka ɗaya ce, kuma kowa a gidan ya bi ta: hannu da ƙafa ba abin wasa ba ne. In ta cafke hannu kada a fizge, fizgewa ce ke sa ta ƙara riƙewa. A sake hannun ya mutu, in ta saki a tashi a ba ta wuri na ɗan lokaci. A cusa tsumma a tsohuwar safa har ta kai girman jikinta, a ƙulle baki, a riƙa miƙa mata in ta taso da kokawa. Za ta rungume ta yi ta harbi da ƙafafun baya. Duka ba ya gyara ta, tsoro kawai yake sa mata, matsoraciyar mage kuwa ta fi cizo.

Yatsan yaron shi ya fi damuna. Haƙorin mage siriri ne, yana shiga da zurfi bakin ciwon ya rufe, ƙwayar cuta ta zauna a ciki, hannu ya kumbura cikin awa 12 zuwa 24. A wanke da sabulu ana zuba ruwa daga buta har minti 15, a sa aidin, a kai shi asibiti yau. A gaya musu mage ce kuma ba a yi mata rigakafi ba, su za su yanke hukunci kan allurar haukan kare da ta sandarewar jiki. Haukan kare yana kama mage, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a warkewa. A tsare magen a ido kwana 10. In ta canza hali, ta fara dalala ko ta mutu, a koma asibiti nan take. In bayan mako 1 zuwa 3 kaluluwa ta fito masa a hammata da ɗan zazzaɓi, daga yakushin ne, a sake nuna shi. Magen kuma a yi mata allurar haukan kare da ta cika wata 3.

Wani dattijo daga Gumel: An ce in ana ƙosar da mage ana mata wasa ba za ta kama ɓera ba, gara a bar ta da yunwa a riƙa jefa mata ɓera mai rai. Kuma ina tsoron gashin kaza ya koya mata cin 'yan tsakina.

Baba, Allah ya ƙara girma. Yunwa ba ta mayar da mage mafarauciya. Motsi ne ke tayar mata da farauta, ko ta ƙoshi in ɓera ya gilma sai ta bi. Wadda aka bari da yunwa ramewa take yi, ta koma sata a madafa ko ta bar gidan. Kun fi ni sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha.

Ɓeran da aka kama a gida kuwa ba ku san abin da ya ci ba. In ya ci maganin ɓera, gubar tana cikinsa, 'yar mage kuma jikinta bai kai ya ɗauka ba. Yana kuma sa mata tsutsar ciki. Tunda mage ta shigo gida, a kwashe maganin ɓera da tarkon gam. In ta manne a gam, da man gyaɗa ake saɓule ta a hankali sannan a wanke da sabulu, kada a kusanto da kananzir.

Batun tsaki, ba gashin kaza ne zai koya mata ba, da halinta aka haife ta. Wani bincike na Jami'ar Exeter a Ingila a 2021 ya gano wasan minti 5 zuwa 10 a kullum ya rage abin da maguna ke kamowa da kashi 25 cikin 100. Ragewa ce, bai hana ba, don haka ɓeranku zai ci gaba da shan wuya, tsaki kuma akurki ne kariyarsu har su yi gashi.

Wata uwargida daga Wudil: Da asuba take hana mu barci da guje-guje, ta kuma yayyage mini tabarma.

Hajiya, asuba da magariba su ne lokacin farautar mage, sauran yinin barci take, har awa 16 zuwa 20. Ki sa a gajiyar da ita da sandar wasa bayan sallar isha'i, sannan a ba ta abinci. In ta kama ta ci, lasar jiki za ta yi ta kwanta. Tabarma kuwa farce take gyarawa. A kafa guntun itace mai tsawon kamu 1 da rabi, a naɗe shi tam da igiyar rama, ya tsaya daram kusa da inda take kwana. In yana girgiɗi ba za ta kula shi ba.

Wata mai juna biyu daga Birnin Kudu: An ce in daina wasa da mage saboda cikina. Gaskiya ne?

Allah ya sauke ki lafiya. Shafa ta da wasa da ita ba su da laifi. Abin gudu ƙwayar cuta ce da ke fita a kashin wasu maguna, wadda kan iya taɓa ɗan da ke ciki, kuma sai kashin ya kwana 1 zuwa 5 take zama mai kamawa. Wani ya riƙa kwashe kashin kullum, ke ki bari. Ki wanke hannu in kin taɓa ƙasa, ki wanke ganye da kyau, nama kuma ya dahu sosai, don ta naman da bai nuna ba ma ana ɗaukarta.

Wani matashi daga Babura: Likita, tawa ba ta wasa sam. Kwana 2 ke nan tana kwance, jikinta da ɗumi. In ba ta rabin farasitamol?

A'a ɗana, ko ɓalli kada ka ba ta. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana kashe babbar mage balle ƙarama: jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura.

'Yar mage mai lafiya ba a roƙonta wasa, in ta daina akwai ciwo. Ɗaga leɓenta ka duba dasashi. In ya yi fari, jini ne ya ragu, yawanci ƙuma ce ko tsutsa. Buɗa gashin wuya da gindin jela, in ka ga baƙin gari kamar masoro, kashin ƙuma ne. A taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora ana tsomawa a ruwan sabulu, ban da fiya-fiya da maganin kaskar shanu, su ma kisa suke. Ciki ya yi tulu jiki a rame alamar tsutsa ce, maganinta ana bayarwa duk mako 2 har ta kai wata 2, sannan duk wata har wata 6, gwargwadon nauyinta. In zawo take, a tsayar da madarar shanu, da yawansu ba sa narkar da ita bayan yaye.

Ƙaramar mage da ta yini ba ta ci ba tana iya faɗuwa kafin gari ya waye. Ka shafa mata ɗan zuma a dasashi, ka naɗe ta a tsumma in da sanyi, ka sa ta a kwali mai huji ka kai ta wurin malamin dabbobi yau.