Wane baƙo za a kira wa ɗalibai?

Malama, kin tambayi wane baƙo zai ƙarfafa ɗalibanku masu tsoron magana da masu ganin ba za su iya ba. Ki nemo tsohon ɗalibin makarantar da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru ko Kongo, wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa ko yake fama da in'ina. Yara sun fi yarda da ɗan unguwarsu.

Amma kada a yi a filin taron safe, rana da hayaniya za su cinye maganar. A shiga aji, yara 40, minti 20 ya isa. Sai a raba 'yan takardu kowa ya rubuta tambayarsa ba suna, domin yarinyar bencin baya ba za ta ɗaga hannu gaban maza ba, amma za ta rubuta.