Tambaya da Amsa: Gadar Anacha da rawar da take yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jan tirelar shanu daga kasuwar Mai'adua zuwa Kudu. Tsohuwar gadar Asaba zuwa Anacha yaushe aka gina ta, kuma me ya sa take rawa in mota ta hau? Direba, daga Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin Dumez na Faransa ne ya gina ta a kan Kogin Neja, aka gama a Disambar 1965. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe ta a farkon Janairun 1966, 'yan kwanaki kafin juyin mulkin da ya ci ransa. Tsawonta ya kai kusan kilomita 1.4. Kafin nan da jirgin fito ake ƙetarar da motoci.

Ba ta shekara biyu ba yaƙin basasa ya ritsa da ita. A 1967 sojojin Biyafara suka fasa ɓangarenta, dole rundunar Murtala Muhammad ta gwada ƙetarawa da jiragen ruwa a watan Oktoba, ta sha asara mai yawa. Sai bayan yaƙi aka gyara.

Ita kuwa rawar, kada ta tayar maka da hankali. Gadar ƙarfe an yi ta ne ta ɗan lanƙwasa ta dawo. Ƙarfe kuma yana miƙewa: mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 30, sai ya ƙara kusan santimita 3.6. Shi ya sa aka bar mahaɗai, waɗannan tsagogin da kake jin taya ta ce "gab" a kansu. Matsala tana farawa ne in yashi da tsakuwa suka cike tsagar, ƙarfe ya rasa wurin miƙewa ya dinga tura kan ginshiƙi. Ruwa ma yana bi ta nan ya sa kusoshi tsatsa. Fitsarin shanu da ke tsiyaya daga bodi, a gaskiya, ba ya taimakawa.

Abin da ya fi cutar da ita shi ne tireloli masu lodi fiye da ƙima su jeru hanci da gindi cikin cunkoso. Ka bar tazara, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka faka a kanta.

Akwai ta biyu yanzu a kudancinta, mai kilomita 1.6, aikin Julius Berger, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar ranar 23 ga Mayu, 2023. In Owerri ka nufa, bi ta can, ka kauce wa cunkoson bakin tsohuwar.