Wane rufi ne zai ɗauki farantan sola ba tare da ya yi yoyo ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ginina ya kai linta, saura rufi, kuma ina da niyyar ɗora farantan sola 12 masu wat 550. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maƙwabcina ya sa nasa bara, ruwan farko da aka yi silin ɗinsa ya jiƙe sharkaf. Wanda zai yi mini aikin ya ce kowane kwano ma ya yi, wai nauyin farantan zai danne rufin kada iska ta ɗaga shi, hudar da zai yi kuma silikon zai toshe. Hankalina bai kwanta ba. Kwano zan yi, ko tayil, ko dekin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka yi dace da ka tambaya tun rufin bai hau ba, domin yawancin masu zuwa wurina sai ruwa ya riga ya sauko musu a kan gado.

Idan zaɓi ya rage gare ka, ka yi kwano mai kauri. A cikin kwanukan ma wanda ya fi dacewa da sola shi ne mai tsayayyen haɗi, wato wanda ake naɗe bakin wannan cikin bakin wancan su yi doro a tsaye, ba a ganin ƙusa a waje. A kan doron ake maƙala maƙalan da ke riƙe layin alminiyon da farantan ke zama a kai, ba a huda ko guda ba, don haka babu ƙofar da ruwa zai bi. Bayansa sai kwano mai kwari da tudu da aka saba da shi, amma kada kaurinsa ya gaza milimita 0.5. Ka nemi wanda aka shafe da gaurayen alminiyon da zinki, ko mai fenti daga masana'anta. Dalilina shi ne ruwan da ya gangaro daga gilashin faranti yana ɗiga a layi ɗaya shekara da shekaru, kuma yana cin farin kwano marar fenti mai shafen zinki kaɗai da sauri, har ka ga jan layin tsatsa daidai ƙasan bakin farantan.

Ma'aunin da zan ba ka mai sauƙi ne. Faranti mai kyau yana aiki shekara 25 zuwa 30. Duk rufin da zai mutu kafin nan, ka sani wata rana za ka biya a kwance sola, a sake rufi, a mayar da sola.

Dekin ma ya yi, har ya fi ba ka damar juya farantan yadda kake so: kudu idan kana arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa idan kana kudancinta. Sai dai kada a shimfiɗa su kwance, a karkata su aƙalla digiri 10 don ruwa ya wanke ƙura, kuma kada a fasa abin da aka shafa na hana ruwa ratsa kankaren. Tayil na yumɓu ko na siminti yana daɗewa, amma shi kansa yana kai kilo 40 zuwa 50 a kowace murabba'in mita, yana fashewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma sai da ƙugiyoyi na musamman da ake zurawa ta ƙarƙashinsa. Rufin ciyawa ba na sola ba ne saboda wuta. Asbestos kuwa kada a ko taɓa shi da abin huda. Ƙurarsa tana haddasa sankarar huhu da ba ta bayyana sai bayan shekaru 20 ko fiye, kuma tsohonsa yana rubzawa da mutum.

To, yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda mai aikinka ya gaya maka. Wai nauyin faranti zai danne rufi. Malam, kusan kullum sai na ji wannan magana, kuma na gaji da ita. Wanda ya faɗe ta bai san abin da iska take yi wa rufi ba.

Farantin wat 550 yana da tsawon kimanin mita 2.3 da faɗin mita 1.1, nauyinsa wajen kilo 27. Guda 12 ɗinka ba su wuce kilo 330 ba, a baje a kan murabba'in mita 30 da ɗoriya. Har da layukan da ke riƙe su, bai fi kilo 15 a kowace murabba'in mita ba. Rufin kirki ba ya jin wannan. Nauyi ba shi ne abin tsoro ba.

Iska idan ta bi ta kan rufi ba dannawa take yi ba, tsotso take yi zuwa sama. Wadda ke gudun kilomita 108 a awa tana da matsin da ya kai wajen kilo 55 a kowace murabba'in mita. A kan faranti ɗaya ka ga kusan kilo 140 ke nan, ninki biyar na nauyinsa. A tsakiyar rufi jan bai kai haka ba, amma a gefe da kusurwa yana iya zarcewa. Kuma idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. To ina kilo 27 zai tsaya a gaban wannan?

Abin da ke hana faranti tashi sarƙa ce: maƙali ya riƙe faranti, layi ya riƙe maƙali, ƙafa ta riƙe layi, sukuru ya bi ta cikin kwano ya nutse a katako ko ƙarfen da ke kwance a ƙasa, wannan ya riƙe rafta, rafta kuma an ɗaure ta da bango. Duk inda sarƙar ta yi rauni, nan za ta tsinke. Kwano rufa ce kawai, ba ginshiƙi ba. Amma sai ka ga mutum ya hau rufi da injin huda, ya ɗaura sukuru duk inda hannunsa ya faɗa, ko dubawa bai yi ba ko akwai katako a ƙasa. Sukurun da ya kama rabin milimita na kwano kawai, zare ɗaya ne ke riƙe da shi. Akwai gajerun layuka da aka ƙera don a ɗaura su a jikin kwano kaɗai, na sani, amma masana'antarsu ta faɗi kaurin kwanon da irin sukurun da adadinsa, kuma masu wannan aikin gaggawa ba su taɓa buɗe takardar ba.

An taɓa kirana wani gida bayan guguwar dare. Farantai huɗu na tarar a tsakar gidan maƙwabci, har yanzu a manne da layinsu, da ɓallen kwano a jiki. Na ɗauki sukuru ɗaya na duba zarensa: fes yake, ko ɗigon garin katako babu. Bai taɓa shiga itace ba tun ranar da aka ɗaura shi. Wurin da suka faɗa, nan yara ke wasa da rana. Shi ya sa ba na iya jin wannan magana in yi shiru. Mai aikin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, lambarsa ba ta shiga, mai gida kuma da ya so ya rage kuɗi ya biya sau biyu.

Silikon kuma, wanda suka mayar maganin kowace cuta. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da dare, kowace rana ta Allah. Silikon da aka dangwala a kan kan sukuru yana ɓanɓarewa a hankali, ruwa ya bi ƙarƙashinsa, kai kuma daga ƙasa kana ganin kamar a toshe yake. Ina kyautata zaton abin da ya sami maƙwabcinka ke nan. Huda ana yin ta a kan tudun kwano, ba a cikin kwarin da ruwa ke gudu ba, da wosha mai baƙar roba ta EPDM, a matse ta daidai, kada a murƙushe ta. Sukurun ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Wayar tagulla ta at kuma, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa, kada ta kwanta tsirara a kan alminiyon ko kwano, domin idan danshi ya shiga tsakaninsu tagullar ce ke cinye su.

Wasu za su ce maka kwano yana dafa sola, ka guje shi. Gaskiya ne zafi yana rage wuta, kimanin kashi 0.35 cikin 100 a kowane digiri da zafin farantin ya haura sama da 25. Maganinsa tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin faranti da rufi don iska ta ratsa. Farantan ma inuwa suke yi wa kwanon.

Tunda ba ka rufa ba, ka zaunar da kafinta da mai sola wuri ɗaya, da injiniyan gini idan da hali, kafin a yanka katako ko guda. A fitar da gefen da farantan za su zauna, babu inuwar tanki ko bishiya, a ja su baya daga baki da ƙololuwar rufi kamar rabin mita. A matso da katakan kwance a wannan gefen, a sa masu kauri waɗanda aka yi wa maganin gara, a ɗaure kowace rafta da bango da langa-langa ko rodi, ba ƙusa kaɗai ba. Ka ɗauki hoton katakan da awonsu kafin kwano ya rufe su. Ranar ɗora sola kuma ka sa a buɗe ƙofar silin, ka leƙa da tocila: duk sukurun da ka ga tsininsa yana reto a sarari bai shiga katako ba, a cire shi a gyara hudar kafin ka biya ragowar kuɗin aiki.