Rim ɗin motata na kurom ya fara ɗayewa: jabu ne ko wanki ne ya cinye shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan da na sayi wata jif 'yar Beljiyam wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano, kuma gaskiya ƙyallin rim ɗinta yana cikin abin da ya ja hankalina. Duk ranar Asabar nakan kai ta wanki, yaran kuma sukan fesa wa ƙafafun wani ruwa da suke ɗurawa a gorar ruwan sha, nan take sai su yi fes kamar madubi. Yanzu wasu baƙaƙen ɗige-ɗige sun fito, kusa da ramukan notuna abin ya fara ɗayewa kamar ɓawon albasa, tayar baya ta dama kuma tana sacewa duk bayan kwana uku alhali mai faci ya ce babu ƙusa. Wani abokina ya ce in goge da ruwan batir da soson ƙarfe. Jabun rim aka sayar mini, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Hankalina ya tashi domin ko kuɗin motar ban gama biya ba. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, Alhaji, kada ka bi shawarar abokin nan naka, kuma daga Asabar mai zuwa kada ka sake bari a fesa wa ƙafafun motarka ruwan da ba ka ga sunansa a jikin kwalbarsa ta asali ba. Bisa yadda ka kwatanta, ba jabu aka sayar maka ba, domin ɗayewa kamar ɓawon albasa hali ne na kurom na gaske, wato siririn rufin ƙarfe mai ƙyalli da ake yi wa rim, wanda aka ci daga ƙarƙashinsa.

Motar da ta yi shekaru a arewacin Amurka ko Kanada ta sha gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan babban abokin gabar kurom ne. Saboda haka yawancin irin waɗannan rim sukan iso mana da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, dillali ya sa a goge su su yi ƙyalli, mai saye ya ɗauka sababbi ne. Ciwon ya zo da ita tun daga can, amma da an lallaɓa shi zai iya shekaru bai bayyana ba. Ruwan gorar nan ne ya taƙaita shekarun zuwa wata biyar.

A nan zan tsaya in daɗe, domin kusan kullum sai an kawo mini wannan matsala, kuma kullum da magana guda: "ai ruwan yana fitar da ƙyalli." Mutane sun ɗauka cewa duk abin da ya sa ƙarfe ya haska cikin daƙiƙa goma wanke shi ya yi. Abin da na saba tararwa a irin gorunan nan asid ne, ko dai ruwan wanke masai da aka sirka, ko ruwan batir, ko kuma wanda ake sayarwa don haskaka alminiyam. Asid yana narkar da ƙurar birki da tsatsar da ke sama, shi ya sa kake ganin haske nan take, amma ba ya tsayawa a kan dattin kawai. Ka tuna cewa kurom ɗin da ke saman rim bai kai kaurin mikron guda ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin kai ya kai kimanin mikron 70. Ƙarƙashinsa akwai rufin wani ƙarfe mai suna nikel, wanda shi ne ke ɗauke da yawancin hasken da kariyar, sau da yawa kuma akwai jan ƙarfe a ƙasan nikel ɗin, sannan a iske alminiyam ko ƙarfen da aka ƙera rim ɗin da shi. Wannan siririn rufi na sama tun daga masana'anta yake da ƙananan ƙofofi da tsage-tsage. Idan asid ya shiga ta cikinsu yakan ci nikel, ya huda har ya kai ga alminiyam, shi kuwa alminiyam idan ya ruɓe yakan zama farin gari mai kumburi, sai garin ya tura rufin sama ya ɗaga shi. Ɗige-ɗigen da kake gani bakin ramukan ne, ɗayewar kuma ita ce matakin ƙarshe. Dalilin da ya sa ta fara daga ramukan notuna shi ne a nan ruwan ke taruwa, tiyo ba ya kore shi sosai, kuma a nan sifana ta riga ta kakkarce rufin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne asid ɗin da ke cikin yawancin ruwan wanke masai, wato haidirokulorik, shi ne ainihin sinadarin da masu sana'ar rufin ƙarfe suke tsoma kaya a ciki idan suna son cire tsohon kurom. Ke nan abin da ake amfani da shi don tuɓe kurom da gangan, shi mutum yake biyan kuɗi a fesa wa motarsa kowane mako. Ruwan batir kuma asid ɗin salfiyurik ne mai ƙarfin kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma idan ya ɗiga a lungu ruwan da ke cikinsa ne yake bushewa, asid ɗin ya zauna yana ƙara ƙarfi. Idan aka haɗa shi da soson ƙarfe irin na wanke tukunya, an buɗe masa sababbin ƙofofi dubbai, kuma ɓurɓushin soson yakan maƙale ya yi tsatsa a kan rim ɗin. Toka da yashi da wasu ke dirzawa su ma hukuncinsu ɗaya, sodar yin sabulu kuwa alminiyam take ci kai tsaye.

Na san wani zai ce ai akwai ruwan wanke kurom na kanti da ke ɗauke da asid. Gaskiya ne, amma wannan an auna ƙarfinsa, an rubuta a jikinsa cewa a fesa a ƙafa mai sanyi a ɗauraye nan da nan, kuma an yi shi ne don kurom lafiyayye wanda bai huje ba. Naka ya riga ya huje, don haka ko shi ɗin bai dace da kai ba. Wanda wani ya haɗa a bayan shago ya ɗura a gora babu suna babu awo, ba ni da wani uzuri da zan ba shi.

Ina kuma jin tausayin yaran da ke fesa shi hannu tsirara. Wasu ruwan haskaka alminiyam suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik, wanda idan an sirka shi ba ya zafi nan take, sai ya ratsa fata ya shiga nama, bayan sa'o'i yaro ya kasa barci saboda raɗaɗin ƙarƙashin farce. Wannan asid yana zuƙe sinadarin kalsiyam na jiki, kuma idan ya zuba da yawa yana iya taɓa bugun zuciya. Duk wanda ya shafa, a yi ta kwarara masa ruwa na aƙalla minti 15 a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a tsaya shafa manja ko man goge baki. Masu wuraren wanki su ji tsoron Allah game da 'ya'yan mutane da suka ɗauka aiki, domin safar hannu ta roba ba ta kai kuɗin wankin mota ɗaya ba.

Wankin da ya dace ba shi da wahala. A bari ƙafa ta huce, a ajiye motar a inuwa, a fara kwarara ruwa har yashi da jar ƙasa su sauka kafin hannu ya taɓa, musamman a hunturu, domin goge busasshiyar ƙura da tsumma daidai yake da sa samfefa. Sai a wanke da sabulun mota na ruwa da buroshi mai laushi, a bokiti na daban wanda ba a wanke jikin mota da shi, a shiga bayan rim da ramukan notuna. Omo yana cire kakin kariya, kuma idan ya bushe a lungu yakan bar gishiri, don haka a guje shi. Bayan ɗauraya a tsane da tawul mai laushi, kada a bar wa rana, domin ruwan burtsatse da na rijiya sukan bar farin tabo. Idan ƙurar birki ta kafe, akwai ruwan cire ɓurɓushin ƙarfe marar asid, wanda yakan koma shuɗi-shuɗi mai ja idan ya haɗu da ƙarfe, a ɗauraye shi kafin ya bushe. Daga nan a shafa man goge kurom a hankali, a bi da kakin mota kowane wata biyu ko uku, a ƙara yawaitawa da damina, kuma kada laka ta kwana a ƙafa. Kakin ne yake toshe ƙananan ƙofofin nan da na ambata.

Sauran masu karatu su lura cewa ba duk rim mai ƙyalli ne ake shafa wa man goge ƙarfe ba. Akwai wanda aka lulluɓe da fenti garai-garai a kan hasken, akwai kuma wanda murfin roba ne mai launin kurom aka manna a kan alminiyam, kuma waɗannan biyun kamar fentin jikin mota ake kula da su. Idan ka shafa man a wani ɓoyayyen wuri tsumma ya yi baƙi ƙirin, alminiyam ne da aka goge, babu kurom a kansa.

Inda ya riga ya ɗaye, Alhaji, babu man da zai mayar da shi. Abin da za a iya shi ne tsayar da ɓarnar: a cire ɓawon da ya saki, da safar hannu domin gefensa yana yanka kamar reza, a share farin garin, a rufe wurin da fenti garai-garai ko kaki. Fentin gwangwani da ake cewa na kurom launin azurfa ne kawai. Sake rufi na gaske sai an tuɓe rim ɗin gaba ɗaya a masana'anta mai tankunan sinadarai masu guba, kuma sau da yawa kuɗinsa yakan kai na sayen wani rim. Idan ɗayewar ta yi yawa, na fi ba da shawarar a kankare duka a yi masa fenti mai kyau.

Tayar da ke sacewa ita ce ta fi gaggawa, kuma ina kyautata zaton tushensu ɗaya. Taya marar tiyub tana riƙe iska ne ta wurin mannuwar leɓenta da gefen rim, to idan kurom ya kumbura a wannan gefe sai iska ta riƙa silalewa ta ƙarƙashin ɓawon. Ka ce wa mai faci ya kwantar da ƙafar ya zuba ruwan kumfa a zagayen leɓen da gindin bawul, ciki da waje. Idan kumfa ta taso, a cire tayar da inji, ba da guduma da ƙarfen ɓanɓara ba, a goge mazaunin leɓen har ya yi sumul, a shafa man liƙe leɓen taya, a sauya bawul, sannan a duba ko rim ɗin ya tsage ko ya lanƙwashe. Idan an ga tsagewa, a ajiye shi a nemi wani. Kada ka yarda a zura maka tiyub a ciki don a huta, domin kaifin ɓawon yana iya yanka shi kana cikin gudu a hanyar Kaduna, kuma ka sa a duba sauran ƙafafun ukun a rana guda, tunda ruwa ɗaya suka sha.